Fatsar Ƙwaron Gashi a Kogin Wharfe: Inda Na Kai, da Maraba ga Sababbin Shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku da kuka shigo ƙungiyarmu ta masu fatsar ƙwaron gashi a 'yan makonnin nan daga Leeds da Bradford, da ɗan'uwanmu da ya ce zai riƙa tasowa daga Manchester, sannunku da zuwa. Kun zo a lokacin da wasu za su ce an riga an tashi kasuwa, domin kamun kifin tirawut a kogunan Yorkshire, a arewacin Ingila, ya rufe tun 30 ga Satumba, ba zai buɗe ba sai 25 ga Maris. Ni kuwa a ganina babu lokacin da ya fi wannan dacewa da ɗan koyo. Hunturu ne lokacin gyaran hannu da ɗaurin ƙwari, babu gaggawa, babu kifin da ke tsalle a gabanka yana ɗauke maka hankali.

Ni ma ɗan koyo ne. Na taso da fatsar gida, kara da zare da tana, ana zaune a gaɓa ana jiran tarwaɗa ko karfasa. Aiki ya kawo ni Ingila, kuma a Ilkley, wani gari a bakin kogin Wharfe, na fara ganin dattijo tsaye cikin ruwa yana kaɗa doguwar igiya a sama ba koto a bakin ƙugiyarsa. Abin da ke bakin ƙugiyar zare ne da gashin tsuntsu, an ɗaure su sun yi kama da ƙwaron da kifi ke ci. Sana'ar ta daɗe. Wani marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana, wajen shekara ta 200 miladiyya, yadda mutanen Masedoniya ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ƙara gashin zakara biyu su kama kifi da shi.

Abu na farko da ya kamata ya zauna muku shi ne nauyi yana cikin igiya. Ƙwaron ba shi da nauyin da za a jefa, igiyar ce ke ɗaukarsa ta kai shi. Shi ya sa igiyoyin suke da lamba, ana auna ƙafa 30 na farkonsu: lamba 5 tana da nauyin kusan giram 9. Sanda ma da tata lambar, kuma dole su dace da juna. Ga mai farawa a koguna irin Wharfe da Ure da Nidd, sanda mai ƙafa 9 lamba 5 ta isa, ko lamba 4. Kada kowa ya zuba kuɗi a tsadadden kaya yanzu. Na hannu ma yana yi, kuma muna da sandunan aro. A ƙarshen igiyar ana ɗaura tsarkiyar lailon mai kimanin ƙafa 9, tana da kauri daga sama tana sirancewa har bakin ƙugiya, domin ta miƙe ta ajiye ƙwaron a hankali nesa da inuwar igiya. Lambar ƙugiya kuwa a juye take: 16 ta fi 12 ƙanƙanta.

Jifa ta ɗauke ni lokaci, amma yanzu ta fara zama. Duk wanda ya taɓa manna curin laka a bakin tsumagiya ya wurga shi yana yaro ya riga ya san sirrin: hannu yana tafiya a hankali, yana ƙara sauri, sai ya tsaya cak, lakar ta tashi. Haka ake yi baya, haka ake yi gaba. Idan ka ɗaga sanda ka tsaya kusa da kunnenka, sai ka dakata kaɗan igiya ta miƙe a bayanka kafin ka dawo da ita. Idan ka ji ƙara kamar ta bulala, ka yi garaje, kuma sau da yawa ƙwaron ya riga ya tsinke. Idan igiya ta taɓa ciyawa a baya, wuyan hannu ya karye da yawa. A filin ciyawa muke wannan horo, da ɗan guntun ulu a maimakon ƙugiya. Kuma tabarau dole ne, ko a fili ko a ruwa. Ƙugiya a iska ba ta san ido ba.

Sai dai inda nake son mu daɗe shi ne abin da ke faruwa bayan ƙwaro ya sauka, domin nan nake yanzu, kuma nan na ga bambancin masu kamawa da masu kaɗa igiya kawai. Sabon shiga yakan so nisa. Yana ganin wanda ya kai igiya tsallaken kogi shi ne gwani. Amma yawancin kifin da na ga an kama a Wharfe, an kama su ne a tazarar da ba ta wuce tsayin sanda biyu ko uku ba. Tirawut yana tsayawa ne yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, a wurin da ba zai wahala ba, bayan dutse ko gabansa, ƙarƙashin reshe, ko daidai inda kibiyar ruwa ta haɗu da ruwa mai sanyin tafiya. Abinci ne ke zuwa masa. Ya saba ganin ƙwaro yana tafiya daidai da saurin ruwan da ke ɗauke da shi. To igiyarka tana kwance a kan ruwa iri biyu ko uku, wani na gudu wani na jan ƙafa. Mai gudun sai ya ja cikin igiyar, igiyar ta ja ƙwaron, ƙwaron ya fara yanka ruwa yana barin ɗan layi a bayansa. Kai daga gaɓa ba lallai ka lura ba. Kifin ya lura, kuma ba zai taso ba.

Maganin da nake koya kashi uku ne, kuma na farkon ya fi sauran. Wurin tsayawa. Kafin in warware igiya nakan tsaya in duba layin kumfa, domin inda kumfa ke bi nan abinci ke bi, sannan in nemi inda zan tsaya har igiyata ta kwanta a kan ruwa mai sauri ɗaya. Taku biyu zuwa hagu kan gyara abin da jifa goma ba za su gyara ba. Na biyu, ɗaga sanda sama don igiya kaɗan ce kawai ta taɓa ruwa. Na uku, da zarar igiya ta sauka, a juya bakin sanda a ɗauke cikinta a mayar da shi ta wajen da ruwa ke fitowa ba tare da an motsa ƙwaron ba. Wannan na ukun har yanzu ina kansa. A ruwa mai laushi yana yi mini, a ruwa mai tsalle kan duwatsu kuwa hannuna bai gama sabawa ba, kuma shi na sa a gaba a wannan hunturu.

Ana shiga daga ƙasa ana hawa sama, wato ka biyo kifi ta bayansa. Tafiya a hankali, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, kada duwatsu su yi ƙara ƙarƙashin ƙafarka.

Wani abin da zan roƙe ku: duk ranar da kuka je kogi, ku ɗaga dutse ɗaya daga cikin ruwa ku duba ƙarƙashinsa, sannan ku mayar da shi yadda yake. Za ku ga ƙananan halittu masu jela uku suna gudu, da wasu da suka gina wa kansu gida da tsakuwa da ƙiraruwa. Su ne 'ya'yan ƙwarin da muke kwaikwayo. Wasunsu kan yi shekara, wasu har biyu, a ƙasan ruwa, sannan su taso su fasa fata su yi fiffike, su rayu kwana ɗaya ko biyu. Yawancin abincin tirawut a ƙarƙashin ruwa yake cinsa. Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon a kudancin Ingila, ya fahimci haka ya ɗaure ɗan ƙwaro da gashin jelar tsuntsun fezan da siririyar wayar jan ƙarfe kawai, wayar ta zama zare ta kuma zama nauyi. Har yau babu akwatin ƙwari da za ka buɗe ka rasa irinsa. Na saman ruwa kuma akwai wanda Hans van Klinken ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙiro, Klinkhamer, rabinsa a cikin ruwa rabinsa a waje, kamar ƙwaron da ke tsakiyar fasa fata. Da waɗannan biyu kaɗai mutum zai iya shekara.

Kowane wata da nasa ƙwaron. Ƙarshen Maris da Afrilu, wajen azahar, wani mai launin ganye-ganye kan fito ko da sanyi. Ƙarshen Afrilu baƙin ƙuda mai dogayen ƙafafu kan faɗo daga bishiyoyin gaɓa. A tsakiyar bazara sai yamma lis ake samun motsi, kuma ku lura magariba a Yuni tana wuce ƙarfe tara da rabi a nan, lokacin da kifi ya fi tasowa ke nan, don haka nakan tafi da dadduma da alwalata. Wanda ya taɓa ganin yadda kifi ke rububin shinge bayan ruwan farko a gida zai gane abin da ido.

A kan teburin ɗauri kuwa, na koma ga tsofaffin ƙwarin wannan yanki, waɗanda masuntan Yorkshire suka yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da su. Ina son su saboda ba su da ƙawa. Ɗauki ƙugiya lamba 14, ka shafa wa zaren siliki mai ruwan lemo kakin zuma, ka naɗa siririn jiki, ka ɗauko gashin bayan makwarwar Turai ka zagaya shi sau ɗaya da rabi ko biyu a wuya, ka ɗaure. Shi ke nan. Wahalar tana wajen rage hannu: ido yana so a ƙara gashi, ruwa kuwa yana son kaɗan, don kowane sili ya samu wurin motsi kamar ƙafa mai rai. Na fara gwada ƙananan gashin wuyan zabo a madadin na makwarwa. Ɗigo-ɗigonsa yana da kyau, sai dai ya fi tauri, kuma sai an tsinci mafi ƙanƙanta. Masu ɗaurin ƙwari a nan sun daɗe suna amfani da gashin zabo, har rina shi suke yi shuɗi. Wanda ya yanka zabo kada ya zubar da gashin, ya wanke ya shanya ya kawo mana.

Maganar doka, a taƙaice amma kada a yi wasa da ita. Duk wanda ya kai shekara 13 yana buƙatar lasisin fatsa na Hukumar Muhalli a Ingila, ana saye ta intanet, na yara 'yan 13 zuwa 16 kyauta ne amma sai an yi rajista. Tarar rashinsa na iya kai fam 2,500. Lasisin kuma ba izinin shiga ruwa ba ne. Kusan kowane yanki na kogi yana da mai shi, ko ƙungiya ko mai gona, sai ka sayi tikitin yini ko ka zama mamba. A yanzu kamun kifin girelin, ɗan'uwan tirawut, ne a buɗe, daga 16 ga Yuni zuwa 14 ga Maris, kuma yana cin ƙwaro ko a tsananin sanyi. Shi za mu nema a Nuwamba da Disamba idan ruwa ya kwanta.

Na san tambayar da ke zuwa, domin ni ma an yi mini ita a gida: ka kama kifi kuma ka sake shi? Tambaya ce mai ma'ana ga wanda ya taso inda su abinci ne. Amma tirawut ɗin kogin nan haifaffen wurin ne, yana ɗaukar shekaru kafin ya yi girman da ake so, masu fatsa kuma suna da yawa. Idan kowa ya tafi da nasa, kogin zai zama fayau. Mai son na miya ya je tafkunan da ake zuba kifin kiwo, can tikitinka ya ba ka damar ɗaukar adadin da aka ƙayyade. A kogi kuwa muna matse ƙayar ƙugiya da filaya, muna jiƙa hannu kafin mu taɓa kifi, muna barinsa cikin koma a ruwa, ba ma matse cikinsa ba ma taɓa kunnensa. Idan zafin ruwa ya doshi digiri 20 a bazara, mu haƙura mu bar su, domin iskar da ke cikin ruwan ta ragu kuma wanda aka saka ba lallai ya rayu ba.

Wharfe kogi ne mai saurin cika. Ana iya yin ruwa a kan tuddai can sama, kai kana cikin rana a Ilkley, ruwa ya fara hawa ƙafarka. Ka sa ido a kan dutse ɗaya a gaɓa, idan ya fara nutsewa ko ka ga ganye da itace suna tahowa, fito. Ɗaura bel a kan wandon roba, riƙe sandar dogarawa, kada ka wuce cinya. Wajen Bolton Abbey akwai matsatsin da ake kira Strid, inda kogin duka ke bi ta tsakanin duwatsu masu santsi. Ya ci rayuka, ba wurin kusanta ba ne. Bayan an dawo gida kuma a wanke wando da takalmi da koma a shanya su bushe ƙayau kafin a kai su wani kogi, saboda cutar da baƙuwar ƙaguwar ruwa ta Amurka ke yaɗawa tana kashe ta asalin ƙasar nan, kuma a jiƙaƙƙen kaya take tafiya.

Wasunku sun tambaya ko abin zai yi a gida. Yana yi. Masu wannan fatsa suna zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru neman giwan ruwa da dare da tsage da rana. Sai dai kayan can daban ne, sanda mai nauyi, manyan ƙwari masu kama da ƙananan kifaye, da guntuwar waya a gaban ƙugiya domin haƙoran tsage sukan yanke lailon nan take. Burina ne in gwada ƙananan ƙwarinmu a kan kawara da karfasa idan Allah ya kai ni gida da rani.

Asabar mai zuwa in sha Allahu za mu haɗu a filin da muka saba bayan azahar, horon jifa kan ciyawa, sannan mu zauna ɗaurin ƙwaro. Sababbin shiga, kowa ya zo da tabarau da hula da rigar sanyi, sauran kaya akwai. Za mu so kowa ya gabatar da kansa, ya faɗa mana garin da ya fito, irin sun da ya sani a gida, da kogin da ya fi kusa da inda yake zaune yanzu, don mu san yadda za mu haɗa ku biyu-biyu da waɗanda suka riga ku kafin fitar girelin ta Nuwamba.