Izinin ginin da ba a rufe ba

Yau na je ofishin masu ba da izinin gini in duba fayil ɗin gidan da muke shirin saya. Ma'aikacin yana ta buɗe takardu sai ya tsaya a kan wata ya juyo min ita, wai ɗakunan da aka ƙara ta baya tun shekarun baya an karɓi izini an yi ginin amma ba a taɓa kiransu sun zo duba aikin ƙarshe ba, ga gurbin sa hannun injiniya nan fayau. Na ce to ai ba ni na gina ba, ya ce Malam izini gida yake bi ba mutum ba, ranar da ka saya ya zama naka, za a iya sa ka fasa bango a ga wayarin, ko tara, ko ma a ce a rushe.

Wallahi jikina ya yi sanyi, don ɗakunan nan su suka sa muka so gidan, har yara sun raba su. Ba na jin mai gidan ɓoyewa ya yi, ƙila ɗan kwangila ne ya ce masa an gama. Amma ni dai ba zan biya ba sai mai gidan ya rufe fayil ɗin nan da sunansa, wato ya kira su sun duba aikin sun sa hannu.