Zomon da kanshi ya ƙi hawa wuya

Shekara shida ina ɗinkin atamfa da shadda a Maradi, na ɗauka 'yartsana ai wasa ce. Wata makarantar ƙananan yara ta ba ni aikin zomaye ashirin na kyalle, na samo zanen yanka a intanet, na wata 'yar Amurka ne, na kai sibar, wato shagon intanet, aka fidda mani a takarda.

Na yanka guda biyar a tare dan in yi sauri, ko gwaji ban yi ba. Da na zo haɗa kai da jiki sai wuya ya ƙi zama, in na ja nan can ya tattare, wallahi har na fara zargin kekena. Hajiyar da ta koya mani ɗinki ta leƙo, ta ɗauki takardar ta ce "ke 'yar nan, wannan ɗan murabba'in na kusurwa kin auna shi?" Ni ko kulawa ban yi da shi ba, ashe an zana shi ne dan a gane in girman ya fito daidai. Inci ɗaya aka rubuta, wato santimita 2.54, nawa bai kai ba.

Takardar Amurka faɗinta santimita 21.6 ne, tamu A4 kuma 21, to yaron sibar ya bar mashin ya matse zanen ya shiga takarda. Shafin kan kuma da ya ɓace na sake fiddo shi wani wuri a ɗari bisa ɗari, kai cikakke jiki ragagge kenan. A riga ba mai lura da milimita biyu uku, amma wuyan zomon duka nawa yake?

Kunnuwan kam laifina ne ni kaɗai. Ita 'yar Amurkan kwatan inci ta bari na bakin ɗinki, kamar milimita 6, ni hannuna ya saba da santimita guda, na ci ta nan na ci ta can, da na juya kunnen sai ga shi siriri kamar wutsiyar ɓera, auduga ma ta ƙi shiga.

Yanzu tef nike tafiya da shi sibar, in auna murabba'in nan kafin in biya. In kwafa zanen a kwali, in zana layin ɗinkin da alli, in gwada guda ɗaya da tsumma har in cusa mishi auduga, dan kyalle mai jawuwa sai ya cika kake ganin ainihin girmanshi.

Biyar ɗin nan na farko suna gida, ƙanwata ta kwashe su, wai ita sun fi mata kyau.