Lahadi, da maganar gonar citta

Yau na tashi da ƙarfina, kafin shida na gama yi wa yara wanka na dama kunu, har na samu na goge zanen zumunta tunda wuta ta kwana. Mu 'yan Zumuntar Mata ne muka yi waƙar baiko a sujadar Hausa kuma gaskiya ta yi daɗi, ganga da tulu sun zauna, har Baban yara da ba ya ko motsi a coci na hango shi yana kaɗa kai. Auta ma ya kawo ayar haddarsa bai yi tuntuɓe ba.

Sai aka zo Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. Dattawa suna zagawa da faranti, da suka iso layinmu Mama ta sunkuyar da kai ta bari ya wuce. Ban ce komai ba amma na ga matan bayanmu sun lura, na kuma san kafin yamma labari zai kai inda zai kai. Ai kuwa wajen ƙarfe huɗu sai ga Goggo ta sauka daga keke, ko ruwan da na kawo mata ba ta gama sha ba ta fara.

"Yaya, har yanzu maganar gonar nan ce? Haba Yaya, ke fa babba ce a zumunta, yara suna kallonki. Ubangiji bai ce a yafe bakwai sau saba'in ba? Ki yi haƙuri ki bar wa Allah."

Mama tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Can ta ce, "Na ji. Amma gaya mini, tunda aka sayar da gonar nan, ke da sauran dangi kun zo wajena kun zo, fasto ma ya zo. Shi ƙanin naku wa ya je wajensa?"

Goggo ta ce ai kin san halinsa, ba ya jin magana. Mama ta ce to shi ke nan, mai jin magana ita ake ta yi wa wa'azi kenan. Daga nan falon ya yi tsit, ni kuma na shige kicin don idona ya cika.

Abin da ke cina tun ɗazu kenan. Gonar nan ta wajen Kachia Baba ya noma ta da hannunsa, da kuɗin cittarta aka yi mana makaranta duka. Bayan rasuwarsa Baba Ƙarami ya ce zai riƙa kula da ita, sai cutar nan ta 2023 ta zo ta ruɓar da cittar mutane a kudancin Kaduna, shi ma ta shafe shi, bashi ya hau kansa, ba wanda ya musa wannan. Amma ya sayar da gonar gwauruwar wansa bai ko ɗaga waya ya gaya mata ba, a bakin 'yan kasuwa ta ji, kuma har yau bai taɓa buɗe baki ya ce na yi laifi ba, in an haɗu a biki ma gaisuwa yake kamar babu abin da ya faru.

Bayan Goggo ta tafi na buɗe Matta 18 ɗin da kowa ke jefa wa Mama. Maganar bakwai sau saba'in tana aya 22, gaskiya ne. Amma daga aya 15 fa, a wannan surar dai, Yesu ya riga ya faɗi yadda za a yi in ɗan'uwa ya yi laifi: a je a same shi a keɓe, in bai ji ba a koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. Wajen mai laifin ake zuwa. Mu kuma mun tsallake wannan duka mun sauka kan ayar da ba ta sa mu fuskanci kowa, don zuwa wajen mace mai takaba a ce ta yi haƙuri ya fi sauƙi da a zauna da namiji mai faɗa a ce ka mayar. Kuma Matta 5:23-24 da ke cewa ka bar baikonka a gaban bagade ka je ka shirya tukuna, da wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa ake. Wato Baba Ƙarami. Amma shi yana can gida yana cin jibi hankali kwance, Mama ce ke barin faranti ya wuce. Zakka mai karɓar harajin nan na cikin Littafi Mai Tsarki da ya tuba ai cewa ya yi zai mayar ninki huɗu, mu ko rabi ba mu nema ba.

Sai dai ba zan ce Goggo ba ta da gaskiya ko kaɗan ba, kuma nan ne abin ya fi yi mini nauyi. Yesu a kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara alhali ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Istifanas mai bin Yesu ma haka, ana jifansa. Bawan nan na cikin misalin Yesu da aka yafe wa babban bashi na talanti 10,000 ya je ya shaƙe ɗan'uwansa bawa saboda ɗan bashin dinari 100, duk lokacin da na karanta sai jikina ya yi sanyi. Kowace safiya a gidan nan muna cewa ka gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, ni kuwa in na ji sunan Baba Ƙarami har yanzu ƙirjina zafi yake. To ya mutum zai yi? Na yarda dole mu saki, ba don ya cancanta ba. Amma ban yarda sakin yana nufin a yi shiru kamar ba a yi komai ba, ko ikilisiya ta wanke hannunta.

Da dare ina shafa wa Mama man zafi a gwiwa na tambaye ta, Mama kin gafarta masa kuwa? Ta ce ba ta yi masa fatan mugunta, tana ambaton sunansa da na 'ya'yansa a addu'a kullum, amma in ta tuna yadda Baba ya sha wahala a gonar nan sai abin ya dawo sabo, kuma ba za ta ɗauki ƙoƙon Ubangiji ta yi wa Allah ƙarya ba don kawai mutane su daina magana. Ta ce tana roƙo, Allah bai gama da ita ba tukuna.

Na kira Yaya Babba a Jos mun daɗe muna magana. Ya yarda gobe zai nemi lambar faston cocin gida, mu roƙi dattawan can su kira Baba Ƙarami su zauna da shi, ko gonar ba ta dawo ba a ji daga bakinsa. Baban yara ya ce zai raka Mama in an sa rana.

Sun ɗauke wuta tun takwas. Kayan makarantar yara ba a goge ba, sai da safe in nemi gawayi.