Ta goge rubutun, shi ne muka rasa abin kare kanmu

Duk ɗalibin da ya rubuta wani abu a Facebook game da makarantarsa, kira ya zo masa daga ofis, abu na farko da abokai za su ce masa shi ne ya yi maza ya goge. Shawarar da ta ci wa ƙanwata zangon karatu guda ke nan, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tana karatu a wata babbar makaranta a nan cikin Kaduna, ba zan kama suna ba. Famfon ɗakin kwanansu ya ƙafe, 'yan mata na bin layin mai ruwa da asuba suna sayen jarka, alhali an karɓi kuɗin ɗaki cif. Ta ɗauki bidiyon layin bokitai ta ɗora, ta rubuta a sama: “Mun biya kuɗin ɗaki, ruwa ya gagara. Wa za mu tambaya?” Iyakarta ke nan. A ƙasa ne wasu suka zo suka yi ta zuba, har wani ya kama sunan wani jami'i ya kira shi ɓarawo. Da maganar ta kai ofis, ƙawayenta suka tsorata ta, ta goge komai a daren.

Ni ne a matsayin uba tun rasuwar mahaifinmu, don haka ni ta kira tana kuka: “Yaya, sun ce in bayyana gaban kwamitin ladabtarwa.” Na baro shagona a Tudun Wada na je. Ba su bar ni na shiga ba, sai bayan an tashi sakataren kwamitin ya nuna mini takardar da suka riƙe. Hoton allon waya ne aka buga a farar takarda, baƙi-baƙi, tawada ta kusa ƙarewa. Sunanta da hotonta a sama, kalmar “ɓarawo” a ƙasa, amma an yanke gefen da sunan mai zagin yake. Duk wanda ya kalla zai rantse ita ta rubuta. Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ai yankakke ne.” Ya ɗago ya ce, “To Malam, ina cikakken?” Na yi tsuru-tsuru.

Abin da suka tuhume ta da shi shi ne zubar da mutuncin makaranta, wata ƙa'ida da ke cikin ɗan littafin nan da ake raba wa ɗalibai lokacin rantsuwar kama karatu, wanda ba mai buɗewa. Ƙa'ida ce mai faɗin baki, komai aka ga dama ana iya cusawa a ciki. Suka dakatar da ita zango ɗaya, ana saura kaɗan a fara jarrabawa.

Wani lauya da muke sallah a masallaci ɗaya ne ya zaunar da ni ya warware mini. Ya ce sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma ɗalibi ba ya ajiye wannan 'yanci a bakin ƙofar makaranta. Sai dai sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don kare haƙƙin wasu, shi ya sa ƙorafi kan ruwa daban, kiran mutum ɓarawo ba hujja daban. Na biyun ɓata suna ne, yana iya kai mutum kotu. Ya kuma ce in gode Allah ba a kai maganar ga 'yan sanda ba, don sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da shi aka sha kama mutane kan rubutu, kafin a yi masa gyara a 2024. Kowa ya tuna ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a ƙarshen 2022 kan abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da aka yi ta surutu kafin a janye ƙarar.

Amma inda ya fi ba ni ƙarfi shi ne sashe na 36 na kundin tsarin mulkin, na sauraron kowane ɓangare. Ya ba ni labarin shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986. An kori ɗalibai bayan tarzoma, kotu ta soke korar, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne wanda ya shugabanci binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. To mu ma jami'in da aka zaga yana zaune a cikin kwamitin da ya yanke wa ƙanwata hukunci. Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. A kan wannan muka rubuta takardar neman a sake duba hukuncin, muka kai kwafi biyu, aka buga mana hatimi a ɗaya muka dawo da shi. Kada ka taɓa miƙa takarda a ofis ka fito hannu rabbana.

Lauyan ma dai tambayar da ya fara yi mini ita ce ta sakatare: ina asalin rubutun? Muka shiga bin 'yan ajinta ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka fi kowa zuga ta ta goge, su ne suka daina ɗaukar waya. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa na tsoron takardarsa. Can dai wata baiwar Allah 'yar Kawo, wadda ba ma ƙawarta ba ce, ta turo cikakken hoton da ta ɗauka tun ranar, da sunan mai zagin ɓaro-ɓaro. Ashe ba ɗalibin makarantar ba ne ma.

Abin da ya fi ƙona mini rai na ji shi ne a bakin wani yaro mai gyaran waya a Kasuwar Barci. Ina ba shi labari yana kwance wata waya, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, “Ai Facebook ba ya zubarwa nan take, yana ajiyewa a kwandon shara kwana 30, da kun dawo da shi.” Na karɓi wayarta muka duba. Wa'adin ya riga ya wuce. Duk zirga-zirgar nan da muke yi, hujjarmu na kwance cikin jakarta ba mu sani ba.

An janye dakatarwar daga baya, da wata 'yar gajeriyar wasiƙa wadda ko “a yi haƙuri” babu a ciki. Jarrabawa kuwa ta riga ta wuce, sai da ta maimaita zangon, muka sake biyan kuɗi. 'Yan ajinta sun riga ta fita.

Yanzu duk wanda ya zo mini da irin wannan, ina ce masa kafin ya taɓa komai ya ɗauki hoton rubutun daga sama har ƙasa, da kwanan wata da sunayen masu sharhi, ya tura wa wani nasa. In ya ga zagi a ƙarƙashin rubutunsa, ya cire zagin tun da wuri, ya bar nasa. In tsoro ya kama shi, ya ɓoye rubutun ya zama shi kaɗai ke gani, ba sai ya goge ba. Ya nemi a ba shi tuhumar a rubuce, ya tambayi su waye a kwamitin, kuma kada ya sa hannu a takardar ban haƙuri kan kalmar da ba shi ya rubuta ba, ko da an ce masa da ya sa hannu magana ta mutu. An ce wa ƙanwata haka, ta ƙi, kuma lauyan ya ce da ta sa hannu da ba abin da zai iya yi mana.