Idan mai kasuwa ya ce sai an cire masa kuɗin da ba su ciruwa

Yawancin waɗanda nake shirya wa takardun haraji a Legas 'yan kasuwarmu ne na Mile 12, Agege da Alaba Rago, kuma rigimarmu kullum kan abin da za a cire daga kuɗin shiga kafin a lissafa riba. Mai kasuwanci da sunansa yana bayar da bayanin kuɗin shigarsa ga LIRS, hukumar tara haraji ta Jihar Legas, kafin 31 ga Maris, don haka Fabrairu ne watan gardama.

Ka'idar ba ta da tsawo: kuɗin da aka kashe kacokan don samar da ribar kasuwancin shi ake cirewa. Kuɗin makarantar yara, cefanen gida, kujerar Umra, tarar da hukuma ta ci mutum, duk ba sa shiga. Zakka ita ce mafi wuyar bayani. Alhaji zai ce, "Malam, daga cikin dukiyar nan fa ta fita." Nakan ce masa haka ne, Alhaji, ladarka na nan, amma doka ba ta ɗauke ta kuɗin gudanar da kasuwa ba.

Inda aikin yake shi ne kuɗin da aka kashe da gaske amma babu rasidi. Motar tumatir daga Kano: hayar mota, kuɗin lodi da sauke kaya, la'adar dillali, kwandunan da suka ruɓe a hanya. Nan ba na musu da mutum kan gaskiyarsa, hujja nake nema. Bayanan asusun banki da ke nuna an tura wa direba kuɗi, takardar lodi, littafin da yaron shago ke rubuta 'yan dako kullum da kwanan wata, duk suna tsayawa. Littafin da aka zauna aka cike shi rana ɗaya da biro ɗaya kuwa, jami'in bincike na ɗaga shafi biyu zai gane. Na goro da ake miƙawa a shingen hanya ba na saka shi ko kaɗan.

Motar da ke kai kaya kasuwa kuma take kai iyali unguwa, sai mu raba man fetur da gyaranta bisa yadda ake amfani da ita, mu rubuta dalilin rabon. Kuɗin sayen motar kanta ba a cire shi gaba ɗaya a shekara guda, kashi-kashi ake ragewa cikin shekaru.

Abin da ke kwantar da zuciya shi ne in nuna wa mutum haƙƙinsa da bai sani ba. Tun daga Janairun 2026 mai haya ana cire masa kashi 20 cikin 100 na hayar gidansa ta shekara, har zuwa naira 500,000, daga kuɗin da za a lissafa masa haraji a kai, kuma naira 800,000 na farko na kuɗin shigar shekara ba haraji a kansu.

Idan ya dage, nakan rubuta masa abin da na ƙi sakawa da dalilina, ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ina kuma tuna masa cewa hukuma na iya komawa baya shekara shida ta bincika, ta ɗora tara da kuɗin ruwa, kuma idan takardar ƙarin haraji ta zo kwana 30 kawai yake da su ya rubuta ƙorafi. Wanda ya ce lallai sai an saka adadin da na san ƙarya ne, ina mayar masa da takardunsa ya nemi wani.