Wai gizo-gizo ba ƙwaro ba ne, to mene ne?

Jiya da dare na koma kan darasin rabe-raben halittu da na daɗe da mantawa, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Mu dai duk abin da yake ƙarami yana rarrafe ƙwaro ne, gizo-gizo ƙwaro, kunama ƙwaro, kaska ƙwaro, amma masana sun ce a'a sai ka ƙirga ƙafa, mai shida ne ƙwaro, su kuma waɗannan ukun takwas-takwas gare su, gidansu daban.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne ba mu kaɗai muka yi wannan jamhuru ba. Shi kansa Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya kafa tsarin ba wa kowace halitta suna biyu, a 1758 gida shida kawai ya kasa dabbobi, kuma gizo-gizo da kaguwa duk cikin ƙwari ya zuba su. Sauran da ya rasa yadda zai yi da su, tana, matsattsaku, dodon koɗi, tauraron teku (wata dabbar teku mai siffar tauraro), sai ya tattara su wuri ɗaya ya ce tsutsotsi ne, shi kenan. Sai a farkon shekarun 1800 Lamarck na Faransa ya zo ya warware wannan ƙullin, ya cire gizo-gizo daga cikin ƙwari.

To amma ni inda nake da ƙorafi shi ne wannan sunan na "marasa ƙashin baya". Ka duba fa, sama da kashi 90 cikin 100 na nau'in dabbobi suna ciki, kuma ba abin da ya haɗa su sai abin da ba su da shi, kamar a ce duk wanda ba ya da mota dangin juna ne. Tauraron teku ma ya fi kusa da mu a dangantaka a kan kusancinsa da tana.

Ƙananan halittun da duk jikinsu ƙwayar halitta ɗaya ce kuwa nasu rikicin ya fi. Tun da Leeuwenhoek ɗan ƙasar Holan ya hango su cikin ɗigon ruwa da madubinsa mai ƙara girman abu a shekarun 1670 ake ta kai ruwa rana, dabba ne ko tsiro? Akwai wata da ake kira yugilina, koriya ce tana haɗa abincinta da hasken rana kamar ganye, kuma tana iyo da ɗan bulalarta kamar dabba, masu nazarin tsirrai suka ce tasu ce masu nazarin dabbobi suka ce tasu ce. Ernst Haeckel ya buɗe musu gida na uku a 1866 ya kira shi Furotista, wanda a ganina shi ma ɗakin ajiyar tarkace ne kawai, don amiba (wata mai canza siffar jikinta) da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro duk suna ciki alhali amiba ta fi kusa da dabbobi a kan kusancinta da ƙwayar zazzaɓin.

Sai kuma Carl Woese a 1977, shi bai tsaya kallon kamanni ba, cikin ƙwayoyin gado ya leƙa, ya gano wasu da ake ta kira bakteriya ashe ba bakteriya ba ne sam, su ne akiya. A madubi da ƙyar ka bambance su, amma ta wajen yadda suke karanta ƙwayoyin gadonsu, da mu suka fi kama.