Godiya bayan jinyar Babanmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya da la'asar muka karɓo sakamakon gwajin ƙarshe na Baba, an ce ƙwayar cutar da ta jawo masa gyambon ciki ta mutu, babu sauranta a cikinsa.

Shekara bakwai yana fama da abin da muke ce wa olsa. Ya bar yaji, ya bar tsami, kwalbar farin maganin kemis ba ta barin gefen katifarsa, wani lokaci har jiƙon kanwa yake sha. Sai bayan ƙaramar sallah muka ga loma uku yake yi ya ture kwano ya ce ya ƙoshi, agogonsa yana yawo a tsintsiyar hannu, bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta. Ranar da ya yi aman jini Yaya ya sa shi a mota, bai saurari gardamarsa ba.

Godiyarmu ta farko ga likitan da ya zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki, ya ga gyambon, ya ɗebo ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙwaya ce mai suna Helicobacter pylori, galibi tun ana yara take shiga ta gurɓataccen ruwa ko abinci ko yawu, ta laɓe a jikin tumbi tana cinsa a hankali. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin ciki. Ya kwantar mana da hankali cewa mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa kaiwa can, amma mai shekarun Baba da ke ramewa haka, dole a duba. Kwana goma muka yi muna jira, Umma ko barci ba ta yi. Da aka ce ba daji ba ne, a tsakar gida ta yi sujada.

Sai ƙanwata, wadda ta riƙe maganin kwana 14: masu kashe ƙwayar cuta kala biyu da na rage tsamin ciki, safe da dare. A kwana na biyar Baba ya ce bakinsa ɗaci, ya ji sauƙi, a bar shi haka. Ta durƙusa gabansa da kofin ruwa: "Baba, don Allah ka daure, in aka katse dawowa za ta yi." Allah ya yi miki albarka.

Kawu da ya ba da jini leda ɗaya, ma'aikatan jinya, maƙwabtan da suka yi ta aiko da kunu, jama'ar masallacinmu da suka haɗa mana gudummawa ba mu roƙa ba, Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Likita ya ce tunda gida ɗaya muka tashi, mu ma a gwada mu, don haka ni da Yaya za mu je ranar Litinin in sha Allahu. Baba kuwa daren jiya ya cinye tuwonsa da miyar kuka, har ya ce wa Umma ta ƙaro.